Darasi na 9: Radiyeshin, Zaren Gado da Gyaran da Jiki Ke Yi wa Kansa

Manufofin darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. Faɗin ma'anar ƙwayar halitta da zaren gado.
2. Bambanta radiyeshin mai kaifi da marar kaifi, ya kawo misalansu a Bungudu da kewaye.
3. Bayyana yadda zaren gado ke samun rauni, da hanyoyin da jiki ke bi ya gyara shi.
4. Lissafa yawan radiyeshin da hoton asibiti ke bayarwa, ya gwada shi da wanda muke sha kullum.
5. Gane inda ya kamata a yi taka-tsantsan, da inda tsoro ba shi da dalili.

1. Abin da ke cikin ƙwayar halitta

Fata da tsoka da ƙashi da jini duk an haɗa su ne da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai da ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Jikin baligi yana da kimanin tiriliyan 30 nasu. A tsakiyar mafi yawan ire-irensu akwai wani ɗan ƙulli, cibiyar ƙwaya, kuma a nan aka ajiye umarnin da ƙwayar ke bi: abin da za ta ƙera, lokacin da za ta rabu gida biyu, da lokacin da za ta dakata. Umarnin nan a jikin wani zare mai tsananin siranta yake. Da za a miƙe zaren ƙwaya ɗaya tak, zai kai kusan mita 2, amma an nannaɗe shi cikin ƙunshi 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba.

AKWATIN MA'ANA
Ƙwayar halitta: mafi ƙanƙantar abu mai rai da aka gina jiki da shi.
Zaren gado: sinadarin da masana ke kira DNA, mai ɗauke da umarnin jiki, wanda ɗa ke gada daga iyayensa.

Ku dubi igiyar guga. Sili biyu aka tufka, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa. Haka zaren gado yake, kamar yadda James Watson da Francis Crick suka bayyana a 1953, bisa hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka a Landan. Sai dai a jikin kowane sili an jera wasu sinadarai iri huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffa: A, T, G da C. Suna da doka guda da ba ta canzawa. A yana fuskantar T, G kuma yana fuskantar C. Saboda haka duk wanda ya san jerin sili ɗaya ya san na ɗayan. Ku riƙe wannan doka da kyau, domin kusan duk gyaran da za mu karanta a kanta ya dogara.

Misali na 1. Silin farko yana ɗauke da A T G G C A. Me ke jikin na biyu? A yana kiran T, T yana kiran A, G yana kiran C, har zuwa ƙarshe. Amsa: T A C C G T. Yanzu a ce harafi na uku na silin farko ya lalace, ya zama A T ? G C A. Sai a duba abin da ke fuskantarsa. C ne, don haka wanda ya ɓace G ne.

Kada a raina harafi ɗaya. Ciwon sikila da muka sani a gidajenmu daga canjin harafi ɗaya ya samo asali, inda T ya zauna a gurbin A cikin umarnin ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Sikila gado ce, ba radiyeshin ke kawo ta ba. An kawo ta ne don a ga nauyin harafi guda.

2. Mene ne radiyeshin?

Radiyeshin ƙarfi ne da ke fita daga wani abu ya ratsa sarari zuwa wani wuri. Hasken fitila radiyeshin ne, haka zafin garwashi da ke bugun fuska, haka saƙon da rediyo da wayar hannu ke kamawa. Bambancinsu yana ga ƙarfin bugu.

AKWATIN MA'ANA
Radiyeshin mai kaifi: wanda ƙarfinsa ya isa ya fizge ilektiron daga ƙwayar zarra, ya tsinka sinadarai. Misali, hasken ekisire, hasken gama, da abin da yuraniyom ke fitarwa.
Radiyeshin marar kaifi: wanda bai kai wannan ƙarfi ba. Galibinsa iyakarsa ya ɗumama abu. Misali, saƙon rediyo da na waya.

Sandar sabis da ke tsaye a bayan gari ta aji na biyu ce, ba ta da ƙarfin tsinka zaren gado. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu kuwa da sauti yake aiki, babu radiyeshin mai kaifi a cikinsa ko kaɗan. Matar da ta ƙi zuwa awo don tsoron sikanin ta yi asara a banza.

Mai kaifin fa, ina yake? Yana tare da mu tun fil azal. Wani yana saukowa daga sararin samaniya. Wani yana fitowa daga ƙasa, domin duwatsu masu tauri irin na Kwatarkwashi da waɗanda ake gani a hanyar Gusau zuwa Tsafe suna ɗauke da ɗan ɓurɓushin yuraniyom da toriyom, kamar sauran duwatsu irinsu a duniya, kuma shekaru aru-aru mutane ke zaune a gindinsu. Wani ma a cikin tuwonmu yake, saboda fotasiyam da ke cikin wake da ayaba da jikinmu yana da wani ɗan kaso mai fitar da radiyeshin. Akwai kuma radon, iska marar launi marar wari da ke tasowa daga ƙasa ta taru a rufaffen wuri, irin rami mai zurfi. Bayan taba, ita ce kan gaba wajen kawo ciwon dajin huhu. Shi ya sa ake hura iska cikin ramukan haƙar yuraniyom, irin na yankin Arlit a Nijar, inda aka fara haƙa a 1971 kuma Hausawa da dama suka yi aiki.

Wanda ɗan Adam ya ƙirƙira bai daɗe ba. Wilhelm Röntgen ya gano ekisire a Jamus a 1895, kuma a 1927 Hermann Muller ya haska shi a kan wasu ƙananan ƙudaje a Amurka, ya nuna cewa yana canza abin da 'ya'yansu ke gada.

3. Yadda raunin ke faruwa

Radiyeshin mai kaifi yana ɓarna ta hanya biyu. Wani lokaci yakan bugi zaren kai tsaye. Amma mafi yawan ɓarnar ekisire, kusan kashi biyu cikin uku, ta bayan gida take zuwa. Akasarin abin da ke cikin ƙwayar halitta ruwa ne. Idan hasken ya bugi ruwan sai ya fasa shi, a sami wasu gutsattsari masu cin duk abin da suka taɓa. Ba sa daɗewa ko ƙiftawar ido, amma idan zaren gado na kusa, sun riga sun yi aika-aika.

Raunin iri-iri ne. Harafi yana iya lalacewa ko ya faɗi. Sili ɗaya yana iya tsinkewa, wanda bai cika tayar da hankali ba tunda ɗan'uwansa na riƙe da shi. Mai haɗarin shi ne sili biyu su tsinke a wuri guda. Mai jan ruwa ya san sauran labarin, guga ta tafi ƙasan rijiya. An ƙiyasta cewa gire 1 na ekisire (duba ma'anar gire a sashe na 7), wanda awo ne babba ƙwarai, yana haddasa tsinkewar sili ɗaya kusan sau 1,000 a kowace ƙwaya, tsinkewar sili biyu kuma tsakanin 20 zuwa 40. 'Yan kaɗan ɗin nan su ne suka fi kashe ƙwaya.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ko babu wata na'ura a kusa, zaren gadon kowace ƙwaya yana samun rauni sau dubbai a kowace rana, daga ɗumin jiki da ruwa da iskar da muke shaƙa. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya auna wannan a shekarun 1970. Da ya ga yawan ɓarnar sai ya ce lallai akwai masu gyara, in ba haka ba da rai bai yiwu ba. Ya nema, ya kuwa samu.

4. Ma'aikatan gyara

AKWATIN MA'ANA
Inzayim: sinadarin da ƙwayar halitta ke ƙerawa don ya yi mata wani aiki na musamman. Wasu suna yanka, wasu suna cikewa, wasu suna liƙewa.

Dare da rana inzayim suna bin zaren gado suna laluben inda ya sami matsala. Kowane irin rauni da nasa magani.

Idan harafi ɗaya ne ya lalace, wani inzayim yakan cire shi, na biyu ya share gurbin, na uku ya karanta harafin da ke fuskantar wurin ya saka wanda ya dace, na huɗu ya liƙe. Abin da kuka yi da fensir a Misali na 1, shi ƙwayar ke yi cikin 'yan mintoci. Wannan ita ce hanyar da Lindahl ya gano.

Idan raunin ya yi ƙullutu har ya karkatar da zaren, cire harafi ɗaya ba ya isa. A nan sai a yanka silin da ya lalace gaba da baya, a ɗebe yanki mai haruffa kusan 30, a sake rubuta shi daga lafiyayyen silin. Aziz Sancar, wanda aka haifa a wani ƙaramin gari mai suna Savur a kudu maso gabashin Turkiyya, shi ya warware yadda wannan ke gudana. Akwai hanya ta uku da ke kama kurakuran kwafi lokacin da ƙwaya za ta rabu, wadda Paul Modrich ya bayyana. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015.

Wahalar tana ga tsinkewar sili biyu, domin babu lafiyayyen sili a wurin da za a kwafa. Ƙwayar tana da dabara biyu. Ta farko ita ce ta kama bakin nan da bakin can, ta ɗan daddatse su, ta haɗa. Hanya ce mai sauri, kuma ita aka fi bi a jikin mutum, amma sau da yawa 'yan haruffa kan salwanta a wurin haɗin. Idan kuma zare ya tsinke a wurare da yawa lokaci guda, ana iya haɗa bakin wannan ƙunshi da na wancan, umarni ya cakuɗe. Dabara ta biyu ta fi tsafta. Ƙwayar da ke shirin rabuwa ta riga ta kwafi zarenta, don haka sai ta nemo tagwayen ƙunshin da ya tsinke ta karanta abin da ya ɓace. Tana ɗaukar lokaci, kuma ba ta yiwuwa sai kwafin na nan. Daga cikin masu wannan aiki akwai biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2. Matar da ta gaji ɗayansu a lalace ta fi sauran mata haɗarin ciwon dajin mama, shi ya sa likita ke tambaya ko uwa ko inna ko 'yar'uwa ta taɓa yin ciwon.

Daga nan ake fahimtar abu mafi muhimmanci a darasin nan. Gyara yana bukatar lokaci. Tsinkewar sili ɗaya mintoci take ci, ta sili biyu kuma sa'o'i. Radiyeshin kaɗan da ke zuwa a hankali, masu gyara suna iya bin sawunsa. Mai yawa da ya sauko gaba ɗaya yakan fi ƙarfinsu.

5. Idan gyara ya gagara

A cikin ƙwaya akwai wani sinadari, p53, da aka gano a 1979. Da zarar ɓarna ta yi yawa sai ya tsayar da rabuwar ƙwayar har a gama gyara. Idan abin ya wuce gyara, ya sa ƙwayar ta kashe kanta, maƙwabtanta su cike gurbin. Mutuwar 'yan ƙwayoyi ba komai ba ce ga jiki. Amma idan radiyeshin ya kai milisibat 1,000 a lokaci guda (duba ma'anar milisibat a sashe na 7), ƙwayoyin ɓargo suna mutuwa da yawa, sai amai da ƙarancin jini. Daga 4,000 zuwa 5,000 kuwa, kusan rabin waɗanda ya shafa suna rasuwa in babu magani.

AKWATIN MA'ANA
Sauyin gado: canjin da ya zauna daram a jerin haruffa saboda gyara ya kuskure. Duk ƙwayar da ta fito daga wadda ta sauya tana ɗauke da shi.

Yawancin sauye-sauyen ba sa haifar da komai. Matsala tana tasowa ne idan suka faɗa kan umarnin da ke hana ƙwaya rabuwa barkatai, kuma suka taru ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru. Nan ne ciwon daji ke farawa. A kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam, p53 kansa ne ake tararwa a lalace. Waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945 sun nuna wannan jinkiri: ciwon dajin jini ya ƙaru a cikinsu bayan 'yan shekaru, sauran iri kuma bayan shekara 10 zuwa sama, duk da cewa mafi yawansu ba su kamu ba.

A nan ya kamata manomi ya buɗe kunne. Ba radiyeshin kaɗai ke lalata zaren gado ba. Hayaƙin taba yana yi. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu suna ɗauke da wata guba, afalatoksin, mai kai wa p53 hari a cikin hanta. Ga mutumin Bungudu, buhun gyaɗar da aka ɗura bai bushe ba ya fi hoton ƙirji zama abin tsoro nesa ba kusa ba.

6. Rana, zabiya da mai walda

Cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Ba ya shiga can cikin jiki, a fata da ido yake tsayawa, amma yana da tasa ɓarnar. Inda T biyu ke jere a sili ɗaya, yakan manne su wuri guda su yi ƙullutu, irin wanda ake ɗebe haruffa 30 don gyarawa. Gero da dawa da ke tsaye a rana wuni guda suna da wani inzayim da ke amfani da hasken ranar kansa ya raba mannewar. Mu ba mu da shi. Abin da muke da shi shi ne melanin, sinadarin da ke sa fata baƙi, wanda ke tare hasken kafin ya isa cibiyar ƙwaya.

Zabiya ba shi da wannan kariya, ko kuma tasa kaɗan ce. Masu gyaran jikinsa lafiyarsu ƙalau, aiki ne ke yi masu yawa. Shi ya sa ake ganin ɓawo-ɓawo da gyambon da ba ya warkewa a kunne da leɓe da ƙeya, wuraren da rana ta fi duka, kuma irin wannan gyambo kan rikiɗe ya zama ciwon dajin fata. Tura yaro zabiya talla ko kiwo da tsakar rana zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba. A ba shi malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu, a nema masa sana'ar inuwa, a kai shi asibiti da zarar miki ya ƙi warkewa. Mai shafa man bilicin kuma ta sani cewa melanin ɗin nan take ragewa.

Misali na 2. Wani yaro ɗan koyo a shagon walda a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato ya wuni yana riƙe wa maigidansa ƙarfen ƙofa. Maigidan na da gilashin walda, shi kuwa yaron runtse ido kawai yake yi yana leƙe. Da magariba lafiya lau. Cikin dare sai ya farka idanu jawur, hawaye na zuba, yana cewa yashi ne a ciki, ko fitilar waya ba ya son gani. Me ya faru? Wutar walda tana fitar da UV mai yawa. Ya lalata zaren gadon ƙwayoyin da ke saman ido, waɗanda suka wuce gyara suka mutu suka zube, jijiyoyin da ke ƙasansu suka fito fili. Sa'o'i 6 zuwa 12 abin ke ɗauka kafin a ji, shi ya sa zafin ya jira dare. Cikin kwana ɗaya ko biyu sabbin ƙwayoyi kan rufe wurin. Kada a ɗiga masa abin da likita bai ba da ba. Baƙin gilashin gayu na kasuwa kuma ba ya maye gurbin na walda, kuma ɗan koyo ma yana bukatar nasa.

7. Awo da lissafi

AKWATIN MA'ANA
Milisibat: ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha, gwargwadon illar da zai iya yi.
Gire: ma'aunin ƙarfin da nama ya sha. Da shi ake auna gashin ciwon daji.

A matsakaicin lissafi na duniya, mutum yana shan milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da sama da abinci.

Misali na 3. An tura wani dattijo daga Nahuche zuwa Gusau ya yi hoton ƙirji saboda tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya ce da ɗansa, "Kai, an ce hoton nan yana shan jini." Mu lissafa. A raba 2.4 gida 12, kowane wata ya tashi 0.2. Hoton ƙirji kusan 0.1 ne, wato rabin wata. Abin da Baba zai sha a ɗakin hoto daidai yake da wanda zai sha cikin mako biyu yana zaune a ƙofar gidansa, kuma ba ya taɓa yawan jini. Tarin fuka da ba a gano ba shi ne mai kisa.

Misali na 4. Hoton CT na ciki yana kai kimanin milisibat 8. A raba 8 da 0.2, an sami wata 40, wato shekara 3 da wata 4. Daidai yake da hoton ƙirji 80. Idan likita ya ce a yi, a yi. Amma ba hoton da mutum zai nema don ganin dama ba ne, kuma a riƙa ajiye na baya a nuna wa likita don kada a maimaita a banza.

Ƙwayoyin da ke rabuwa da sauri sun fi jin radiyeshin, don haka ɗan tayi da ƙananan yara sun fi manya rauni. Idan mai ɗaukar hoto ya ce, "Hajiya, ko kina da juna biyu?" ba shisshigi ba ne, kuma ba wurin kunya ba ne. A faɗa masa, ko da zato ake yi.

Kariya uku ce: rage lokaci, ƙara nisa, sa shamaki. Nisa yana da lissafi mai daɗi, domin idan ya ninka biyu, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya ba da 80 a mita 1 zai ba da 20 a mita 2, ya ba da 5 a mita 4. Shamakin kuwa dalma ce, ita ake sawa cikin rigar nan mai nauyi ta ɗakin hoto. Dalmar nan ce dai ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Wasu na haɗa abin da radiyeshin, alhali dalma guba ce da ke shiga ta baki da hanci, ba ta fitar da wani haske.

8. Gashin ciwon daji

Abin da ke tsinka zaren lafiyayyar ƙwaya yana tsinka na ƙwayar daji ma, kuma likitoci sun mayar da wannan magani. Mutanen Zamfara da ke bukatar gashi akan tura su asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Abuja. Ana saita hasken a kan ƙarin, ana ba da shi kaɗan-kaɗan. Kafin gobe lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye sun gyara mafi yawan rauninsu. Ƙwayoyin daji kuwa, da yawansu gyaransu ya riga ya gurgunce, sai raunin jiya ya haɗu da na yau.

Misali na 5. An rubuta wa wata mata gire 50, ana ba ta 2 a rana, kwana 5 a mako. 50 a raba da 2 ya ba da zuwa 25, a raba da 5 ya ba da mako 5. Idan ta ji sauƙi a mako na uku ta koma gida biki, ƙwayoyin dajin da suka rage za su samu sararin hayayyafa. Don haka tun kafin a fara, dangi su zauna su shirya masauki da guzurin mako biyar ɗin. Wadda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ta ɗauke da radiyeshin a jikinta. A ci abinci kwano ɗaya da ita, ta goya jikanta.

9. Ƙarfen da ba a san asalinsa ba

A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu mutum biyu masu neman ƙarfe suka shiga wani asibitin da aka daina amfani da shi, suka kwance kan tsohuwar na'urar gashi, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. A ciki akwai wani gari mai shuɗin haske cikin duhu, siziyom 137. Aka rarraba wa dangi da abokai don sha'awa, wasu har suka shafa a jiki. Sai da mutane suka fara amai da ƙuna, matar mai shagon ta sa abin a jaka ta hau bas ta kai wa ma'aikatan lafiya. Mutum 4 suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6. An auna mutum kusan 112,000, aka sami 249 da garin ya taɓa.

Wannan labari na 'yan gwangwan ne da masu jari-bola. Alamar radiyeshin fiffike uku ce kewaye da ɗigo, galibi baƙi a kan rawaya. Ƙarfen da ke ɗauke da ita, ko wani ɗan tulun ƙarfe da nauyinsa ya wuce girmansa, kada a fasa shi, kada a kai shi gida. A matsa nesa, a hana yara zuwa, a sanar da hukuma. A Najeriya hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke da alhakin sa ido kan irin waɗannan kayayyaki.

Tambayoyin bita

1. Mene ne zaren gado, kuma a wane ɓangare na ƙwayar halitta yake?
2. Sili ɗaya yana ɗauke da G A T T C C A. Rubuta jerin na biyu.
3. Ware mai kaifi daga marar kaifi: ekisire, saƙon waya, radon, saƙon rediyo.
4. Me ya sa tsinkewar sili biyu ta fi ta sili ɗaya haɗari? Faɗi hanyoyi biyu da ake gyara ta.
5. Wane aiki p53 ke yi?
6. Hoton CT na kai kusan milisibat 2 ne. Wata nawa ke nan na radiyeshin da muke sha kullum?
7. Wani abu yana ba da 36 a nisan mita 1. Nawa zai bayar a mita 2?
8. An rubuta wa majinyaci gire 60, ana ba shi 2 a rana, kwana 5 a mako. Mako nawa zai yi?
9. Me ya sa idon ɗan koyon walda bai fara ciwo ba sai cikin dare?
10. Maƙwabciyarki ta ƙi zuwa sikanin don tsoron kada a ƙona ɗan da ke cikinta. Me za ki faɗa mata?
11. Aikin rukuni: ku ziyarci shagon walda ɗaya a unguwarku, ku ƙirga masu aiki da yawan gilashin walda da ke shagon, ku kawo rahoto aji mai zuwa.